SHAYIN KOKO NA GIDA: UWARGIDA, COKALIN SUKARI A HANNUNKI YAKE

Hunturu ya shigo. Da asuba iska tana kaɗawa, leɓuna sun tsage, yara kuwa sun ƙudundune cikin bargo, ba mai son fita. A irin wannan safiya ba abin da ke tashe su da sauri kamar ƙarar cokali cikin kofi. Uwargida ta ɗora ruwa a wuta, ta jawo gwangwanin nan mai gari ruwan ƙasa, ta zuba cokali 3, ta ƙara sukari 3, sa'an nan ta tsiyaya madara mai kauri. Yaro ya shanye, ya lashe baki, ya rataya jaka ya nufi makaranta. Uwa ta bi shi da kallo, ranta fari, gama a ganinta ta ba ɗanta abin gina jiki.

Ƙaunarta gaskiya ce, ba mai musu. Amma da za ta zauna ta ƙirga sukarin da ya shiga wannan kofi, da ta riƙe baki. Akwai wanda ta zuba da hannunta, akwai wanda masu gwangwani suka riga suka haɗa cikin garin, akwai kuma na cikin madara mai kauri. Sau uku ke nan a kofi ɗaya. A wannan wata muna so mu nuna yadda za ki haɗa shayin koko, wanda waɗansu ke kira cakulan mai zafi, da hannunki tun daga tushe, domin ki san abin da iyalinki suke sha.

WANE KOKO MUKE NUFI?

Kada mu rikita juna. Ba kokon gero da ake sha da ƙosai muke zance ba, ba kuwa ƙoƙon da ake ɗiban ruwa da shi ba. Koko da muke nufi 'ya'yan wani itace ne da ke son inuwa da ruwan sama mai yawa. Kwansonsa yakan fito a jikin kututture, in an fasa shi a tarar da ƙwayoyi 30 zuwa 40 cikin wani farin abu mai yauƙi da zaƙi. Masana itatuwa sun sa shi dangi ɗaya da goro, shi ya sa fataken goro da ke zuwa ƙasar Yarbawa da Asante suka saba ganin itatuwan nan biyu a gona ɗaya.

Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen dazuzzukan kogin Amazon. A ƙasar Ekwado an tono tukwane masu alamar koko da suka yi shekara fiye da 5,000. Mutanen Maya da Aztek na ƙasar Meziko da kewayenta sukan soya ƙwayar, su niƙa, su dama da ruwa, su sa barkono da garin masara. Ba su san sukarin rake ba. Ƙwayar kuwa tana da daraja a wurinsu har suna ciniki da ita, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Bayan da Turawan Sifen suka ci daular Aztek a 1521, sai suka kai abin ƙasarsu, suka sa masa sukari da kirfa, suna sha da zafi.

Ƙwayar koko rabinta mai ne. A 1828 iyalin Van Houten na ƙasar Holan suka sami izinin wata na'ura mai matse wannan mai. Duk macen da ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san aikin: a soya gyaɗa, a niƙa, a matse mai, tunkuza ta rage. Haka yake ga koko. Tunkuzarsa ce ake busarwa a niƙa, ta zama garin koko da muke saye yau.

Itacen ya ƙetaro teku zuwa tsibiran da ke gaɓar Afirka ta Yamma. Mishan na Basel sun gwada shuka shi a Akropong, amma wanda aka fi tunawa shi ne wani maƙeri, Tetteh Quarshie, da ya kawo iri daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong a 1879. Zuwa 1911 ƙasar da ake kira Gana yanzu ta wuce kowace ƙasa fitar da koko. Yau Kodebuwa ce a gaba. In aka haɗa nata da na Gana, Nijeriya da Kamaru, ya fi rabin na duniya duka. A Nijeriya jihohin Ondo, Kuros Riba da Osun suna cikin manyan masu nomansa, kuma da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Ibadan mai hawa 26, wanda aka gama a 1965. Ashe kuwa abin kunya ne a ce ƙasashenmu ke nomawa, mu kuwa ba mu san ɗanɗanonsa na ainihi ba sai an lulluɓe shi da sukari.

LISSAFIN SUKARI

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi, wannan kamar giram 50 ne, watau cokalin shayi 12. Hukumar ta ce in an rage ya koma rabin haka, watau cokali 6, ya fi kyau. Rabon yaro bai kai na babba ba, gama abincinsa bai kai na babba ba. Zuma tana cikin wannan lissafi. Amma ɗan zaƙin da ke cikin madara tun daga nonon saniya ba ya ciki.

To, mu ƙirga. Cokalin shayi ɗaya a shafe yana ɗaukar sukari giram 4. Yaron da ake zuba wa cokali 3 da safe, 3 da dare, ya sha giram 24 a yini. A wata ɗaya giram 720 ke nan. A shekara kuwa kusan kilo 9. Wannan na cokalin uwa ne kaɗai, ba a sa na cikin garin gwangwani ba, ba a sa alewa da biskit da lemon kwalba ba.

Yaya za ki san abin da ke cikin gwangwani? Juya bayansa ki duba jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, mafi ƙanƙanta kuwa a ƙarshe. In kin ga sukari a farko ko na biyu, koko kuwa can baya, kin san abin da kika saya. Wani lokaci sukari yakan zo da wani suna, kamar gulukos ko maltos. In ba ki iya karanta Turanci ba, ki sa ɗan makarantar gidanki ya karanta miki, shi ma ya ƙaru.

Ɓarnar sukari ba a rana ɗaya take bayyana ba. Akwai ƙwayoyin cuta a baki da ke cin sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da wani tsami mai cinye haƙorin sannu a hankali har ya yi rami. Wanda ya taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori ba ya bukatar a yi masa bayani. Ga manya kuma, yawan abin sha mai zaƙi yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Riga-kafi ya fi magani.

AMFANIN KOKO, DA IYAKARSA

Garin koko zalla yana da ɗaci, ba zaƙi. Babban cokali ɗaya, watau kamar giram 5, yana ɗauke da ɗan sinadarin ƙarfe da na maganiziyam, da kuma irin dusar nan da ke taimakon ciki wajen fitar da bayan gida. Akwai kuma waɗansu sinadarai a cikinsa da ke taimakon jijiyoyin jini su saki. Garin da aka wanke da wani abu mai kamar kanwa a masana'anta yakan fi duhu, ɗacinsa kuma ya ragu, amma yawancin waɗannan sinadarai sun tafi. Saboda haka mai hasken launi ya fi riƙe amfaninsa.

Duk da haka kada wani ya ruɗe ki cewa koko magani ne. A 2022 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka, inda dattawa fiye da 21,000 suka yi shekara 3 da rabi, rabinsu suna haɗiyar ƙwayar da aka yi da sinadarin koko, rabi kuwa ƙwayar da ba kome a ciki. Waɗanda ciwon zuciya ya kashe sun fi kaɗan cikin masu shan ta koko, amma ba a sami tabbacin cewa ta rage yawan kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki ba. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganin da likita ya ba shi. Abin da ke gina jikin yaro a cikin kofin nan, yawancinsa madara ce. Aikin koko shi ne ya sa yaro ya so madarar.

KAYAN HAƊI NA MUTUM 4

Madara lita 1, watau kofi 4. In ta gari ce, babban cokali 4 a shafe ga kowane kofin ruwa.
Garin koko zalla, babban cokali 4 a shafe.
Sukari, cokalin shayi 4.
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.
Citta ɗan yanki, kanumfari ƙwaya 2, da ɗan ɓawon kirfa in akwai.

Ana samun garin koko zalla a shagunan masu sayar da kayan kek. Ki nemi wanda yake a rufe, mai lambar hukumar kula da abinci, wanda ba a rubuta kome cikin kayan haɗinsa ba sai koko. A 2024 farashin tan ɗaya na koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba, domin rashin kyan yanayi da cutar itatuwa sun rage amfanin gona a Gana da Kodebuwa. Sa'ad da abu ya yi tsada, algus yakan yi yawa. Ki yi hankali da garin da ake aunawa a buɗe.

Game da madara kuma, ba kowane farin abu ne madara ba. Madara mai kauri mai zaƙi, rabin nauyinta ko fiye sukari ne. Akwai kuma farin gari mai araha da ake yi da man itatuwa da sukari domin ya faranta shayi, ba ya gina jiki kamar madara. In kuwa ɗanyar madarar shanu kika samu daga ruga, ta yi kyau ƙwarai, sai dai lalle ki tafasa ta tukuna, gama tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci suna iya bi ta cikinta su kama mutum.

YADDA AKE YI

1. Ki zuba rabin kofin ruwa a tukunya, ki daddaka citta ki sa, tare da kanumfari da kirfa. Su tafasa minti 5, ki tace.

2. A wani kwano ki haɗa garin koko da sukari da gishiri. Ki zuba ɗan ruwa kaɗan ki kwaɓa, kamar yadda kike dama ƙullun kamu, har ya yi sumul. In kika zuba garin kai tsaye cikin madara, zai yi ta yawo a sama yana gudaji, domin man da ya rage a jikinsa ba ya son ruwa.

3. Ki juye kwaɓin cikin ruwan kayan ƙamshin, ki mayar a wuta marar ƙarfi minti 2 kina juyawa. Wannan dahuwa ce ke fito da ƙamshin koko, ta kawar da garɗin ɗanyen gari.

4. Ki zuba madara a hankali, kina juyawa. Da kin ga tururi ya tashi, gefen tukunya ya fara ƙananan kumfa, ki sauke. In ta daɗe a wuta za ta kama gindi ta yi ƙauri.

5. Ki ɗauki maburgi mai tsabta, wanda bai taɓa miya ba, ki burga har kumfa ya taso. Matan Meziko ma da irin wannan icce suke burga nasu tsakanin tafin hannu biyu, har wa yau.

Ki bari ya ɗan huce kafin ki miƙa wa yaro. Ga ƙananan yara rabin garin koko ya isa.

Kada ki raina ɗan gishirin nan. Yana danne ɗaci, sai harshe ya ji zaƙin ya fi yadda yake. Citta da kirfa ma haka suke yi ta wajen ƙamshi. Da taimakonsu ɗan sukari kaɗan yakan wadatar.

In kina so ki bar farin sukari ɗungum, ki cire ƙwallon dabino 4 zuwa 6, ki jiƙa cikin ruwan zafi har su yi laushi, ki niƙa ki zuba. Dabino ma yana da sukari, sai dai yana zuwa da dusarsa. Zuma da mazarƙwaila kuwa, a wurin jiki da haƙori, duk sukari ne. A auna su da cokali ɗaya da aka auna sukari.

Akwai waɗanda madarar shanu ke sa wa kumburin ciki ko gudawa. Su yi da madarar waken suya da aka dafa sosai, ko ruwan gyaɗar da aka niƙa aka tace kamar na kunun gyaɗa, ko madarar aya. Ta aya tana da zaƙinta, sau da dama ba ta bukatar sukari.

Domin safiyar makaranta, kina iya haɗa garin ki ajiye. Da ma'auni ɗaya ki auna koko 3, madarar gari 12, sukari 1. Ki tankaɗe su tare, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Babban cokali 5 ya isa kofi ɗaya. Ki fara kwaɓawa da ɗan ruwa, sa'an nan ki cika da tafasasshe.

IN KIN SAMI ƘWAYAR KANTA

'Yan'uwanmu da ke zaune a Ibadan, Akure, Kumasi ko kudancin Kamaru suna iya samun ƙwayar koko daga manoma. Ki nemi wadda aka riga aka tsima. Manoma sukan tara ƙwayar da yauƙinta, su rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa, sa'an nan su shanya a rana. In ba a yi haka ba, ba za ta yi ƙamshin cakulan ba.

Ki tsince, ki zubar da duk mai fumfuna ko wadda ƙwaro ya huda. Ki soya a kasko ba mai, da wuta kaɗan, kina juyawa minti 20 zuwa 30, har ɓawon ya fara tsagewa, ƙamshi ya cika gida. Suyar nan tana kashe ƙwayoyin cutar da suka hau ta wajen shanya. In ta huce ki murje, ki sheƙe ɓawon da faifai. Ki daka a turmi, sa'an nan ki niƙa a dutse ko inji mai tsabta, har man ya fito ta zama kamar tunkuzar da ba a matse ba. Ki cura ƙanana kamar girman goro, ki ajiye a inuwa su daskare. Curi ɗaya ya isa kofi ɗaya: a kankare shi cikin ruwan zafi, a dafa minti 5, a ƙara madara. Haka mutanen Filifin da tsibiran Karebiyan suke yin nasu. Wannan ya fi na gari maiƙo, gama mansa duka yana ciki, saboda haka ɗan kofi ya wadatar.

ABUBUWAN LURA

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, domin wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Wanda bai kai shekara 2 ba kuwa, ba a ba shi abin sha mai sukari.

Koko yana da ɗan sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da gahawa. Na babban cokali ɗaya bai kai rabin na kofin baƙin shayi ba, amma ga yaro gara da safe. In ya sha da dare, ya goge haƙora kafin ya kwanta.

Koko da madara, kamar shayi, suna rage yadda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe. Mace mai ciki kada ta haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi, ta bar tazarar awa 2.

Mai ciwon sukari ya yi nasa ba sukari, ba zuma, ba dabino, ya kuma shawarci likitansa a kan yawan madara.

Kada a zuba wa kare ragowar. Akwai abin da ke cikin koko da jikin mutum ke sarrafawa ba wahala, amma ga kare guba ne.

RANAR FARKO

Gara mu faɗa miki gaskiya tun yanzu. Ranar da kika fara, yaron da ya saba da cokali 3 zai kurɓa ya yatsine fuska, ya ce, "Mama, yau kin manta da sukari!" Mai yiwuwa maigida ma ya goyi bayansa. Kada ki yi faɗa, kada kuma ki karaya. Harshe abin koyarwa ne. A makon farko ki sa cokali 2 da rabi, mako na biyu ki sa 2, haka haka kina rage rabi kowane mako. Cikin wata ɗaya kin sauko zuwa 1. Bayan wannan, in yaron ya sha irin na dā a gidan biki, shi da kansa zai ce zaƙin ya yi yawa.

Ki jawo yaran cikin aikin. Wannan ya daka citta, wancan ya riƙe maburgi, babbar kuwa ta auna sukari ta faɗi lissafinsa. Abin da yaro ya sa hannu a ciki, da wuya ya ƙi sha. Maigida kuma ya tuna idon yara yana kan cokalinsa, gama ba za su yarda da 1 ba in suna ganin yana zuba 4. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron da aka sauko da shi daga cokali 6 a yini zuwa 2, an rage masa sukari kusan kilo 6 a shekara. Kuɗin wannan sukari a sayi madara da shi. Uwargida, ki gwada a wannan hunturu, kafin ƙurar ta ɗauke ki ga yadda gidanki zai karɓe shi.